Ido Ya Ci a Fim, Saura Baki: Ɗan Wudil a Gidan Abincin Indiya da na Koriya

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Wudil da la'asar sakaliya ya san cewa mu ba yunwar abincin wasu ke damunmu ba. Ga kifi yana soyuwa a kasko, ga mai tsire yana fifita garwashi, ga masu fura da ƙwaryar nono, motocin Dutse da Azare da Maiduguri suna cin burki don fasinja su yi guzuri. Ranar Juma'a kuwa, in kasuwa ta cika, shanun da ke tsaye a kara sun isa su ciyar da birni guda.

Shi ya sa na ɗan yi turus ranar da ɗan ƙanwata ya same ni a zaure da wata tambaya. Ɗalibi ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin nan, wadda aka buɗe a 2001, yanzu kuma take amsa sunan Aliko Ɗangote. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, za mu je Abuja taron ɗalibai, abokaina sun dage sai mun ci abincin Koriya. Ya halatta kuwa?" Na ce, "Kai da ko tuwon dawa ba ka gama sani ba?" Ya yi dariya, ya ce ai har na Indiya suna son gwadawa in kuɗi ya yi saura.

Na yi masa raha, amma tambayar ta zauna mini a rai, don ba shi kaɗai ke yin ta ba.

Da ido muka fara cin abincin nan. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa, Kanawa suka riƙa cika Palace da Plaza da Orion. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. Yau kuma ga fassarar Algaita a kowace waya, jarumin Mumbai yana zuba Hausa kamar ɗan Fagge. Koriya kuwa baƙuwar jiya ce. Ta shigo ta faifan shirin Jumong, ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a 2010, sannan waya da intanet suka ƙarasa mata aikin. Sai dai akwai bambanci guda da na lura da shi: a fim ɗin Indiya rawa ake yi, a na Koriya ci ake yi. Da wuya a yi kashi ɗaya ba a zauna gaban tukunya mai tururi ba. Masoya su ɓata, a ci taliya. A kori mutum daga aiki, a gasa nama. Yaron da ya kwana kallon wannan dole yawunsa ya tsinke.

Shi kansa zuwa gidan abinci don marmari sabon yayi ne a wajenmu. Da can cin abincin sayarwa na matafiyi ne da gwauro da ɗan kasuwar da rana ta yi masa a rumfa. Magidanci ya zauna gaban mai abinci a garinsu, kafin magariba an fara tambayar ko lafiya gidansa. A yi wanka, a sa sababbin kaya, a shiga mota takanas don a zauna a tebur a ci abin da ba a san sunansa ba, wannan sai 'ya'yan yanzu. A Wudil ba mu da irin waɗannan wurare. Sai an yi tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai zuwa Kano, inda za a iya samun girkin Indiya a wajejen Nasarawa da Bompai, unguwannin da Indiyawa masu masana'antu da 'yan kasuwa suka daɗe suna zaune. A Legas kuwa unguwar Ilupeju kusan tasu ce. Girkin Koriya ya fi samuwa a Abuja da Legas.

Bari in fara da Indiya, don a nan ne aka fi yi mana kwarjinin banza.

Bahaushe yakan shiga gidan abincin Indiya yana ɗari-ɗari kamar wanda ya shiga fadar da ba tasa ba, alhali rabin abin da ke cikin tukunyar danginsa ne. Ɗauki gero. Masu tonon tarihi sun samo mafi daɗewar geron da ɗan Adam ya noma a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Daga wannan yanki namu ya tafi har ya isa Indiya fiye da shekara 3,000 baya. Yau su ne kan gaba a duniya wajen noma shi, suna kiransa bajra, manoman Rajasthan da Gujarat suna yin wainar gero da shi, kuma su ne suka kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Dawa, wadda suke kira jowar, ita ma daga Afirka ta je musu. Haka wake. Tsamiya itacen Afirka ce, amma da Larabawa suka gan ta a hannun Indiyawa sai suka raɗa mata suna dabinon Indiya, sunan ya bi ta har cikin harsunan Turai. Mu kuma sun aiko mana da zogale da mangwaro da darbejiyar da muke shan inuwarta a ƙofar gida. Cinikayyar ta girmi kowace sinima.

Ko kayan aikin iri ɗaya ne. Burodin da suke ji da shi, naan, manna shi ake yi a jikin tukunyar ƙasa mai wuta a ciki, wadda suke kira tandur. Duk wanda ya ga yadda matan Jakara ke gasa gurasa a tanderu ba sai an yi masa bayani ba, kuma kalmomin biyu tushensu ɗaya da tannur ta Larabci. A kudancin ƙasar, wajen Tamil Nadu, akwai wani abu da suke kira paniyaram: ƙullun shinkafa ne da aka haɗa da wani baƙin wake, ya kwana ya yi tsami, a soya shi a kasko mai ramuka. Ranar da na fara ganinsa na ce wannan ai masa ce ta je karatu waje. Vada ɗan'uwan ƙosai ne. Lassi nono ne da aka kaɗa da sukari ko gishiri. Ghee man shanu ne da aka soya. Paneer cuku ne irin na Fulani. Halwa ita ce alewarmu, har a suna. Samosa kuwa ta riga ta zama 'yar gida, ba a buɗa baki da azumi a gidaje da yawa sai da ita. Sai kayan ƙamshi: citta, tafarnuwa, kanumfari, kirfa, hulba, kurkur, duk ana auna su a Kasuwar Kurmi. Bambancin yana wajen yawa da tsari. Su suna fara soya kayan ƙamshin a mai har su fashe su saki ƙamshi kafin a zuba sauran, kuma sukan haɗa kala goma a miya ɗaya, inda mu za mu tsaya a uku da daddawa.

Garin kori na gwangwani da ke kowane kicin namu ma ba haka Indiyawa suka san shi ba. Turawan Ingila ne suka haɗa shi don su huta da daka. Kuma alhazanmu sun daɗe suna cin girkin wannan yanki ba tare da sun sa masa suna ba. Yawancin ƙananan gidajen abincin da ke kewaye da masaukan alhazai a Makka da Madina hannun Indiyawa da 'yan Pakistan da Bangladesh suke, haka na Deira a Dubai inda 'yan Kantin Kwari ke sauka. Shinkafar nan mai dogon ƙwaya da rawaya-rawaya, wadda Alhaji ke dawowa yana yabo, sau da yawa biryani ce, wato dafa-dukan fadar sarakunan Musulmi, wadda Hyderabad da Lucknow suke gasa a kanta har gobe.

To ina matsalar? Tana wajen oda. Ni kaina na sha kunya a wani gidan abinci da ba zan kama sunansa ba. Aka miƙo mini takardar abinci mai shafi shida, na ga sunan kaza da kuɗin da zan iya biya, na nuna da yatsa don kada a ce baƙauye ne. Can sai ga sabis da 'yar tasa ta ƙarfe, miya ce jajir da tsokoki huɗu a ciki. Na zauna ina jiran tuwo ko shinkafa, shi kuma yana tsaye yana jiran in fara. Ashe a tsarinsu miya kuɗinta daban, shinkafa daban, naan daban, ruwa daban, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wani wurin har da ladan hidima. Mu da muka saba a ce "malmala biyu da nama uku" a gama magana, wannan lissafi yakan ba mu mamaki a ƙarshe. Da na buɗe baki tun farko na ce, "Malam, da me ake cin wannan?" da ban fita da rabin ciki ba. Mafita ga baƙo ita ce thali, babban faranti da ake jera wa ƙananan kwanoni na miya iri-iri da wake da nono da shinkafa da waina, a kuɗi ɗaya. Ko kuma in kuna da yawa kowa ya zaɓi miya guda a haɗa a tsakiya, a yi ciyayya irin ta ƙofar gida. Haka su ma suke ci, kuma da hannun dama.

Maganar halal a girkin Indiya tana da sauƙi, amma ba a rufe ido. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun kai kashi 14 cikin ɗari na mutanen ƙasar, sama da miliyan 170, kuma yawancin girkin nama da ya yi suna, su kebab da korma da biryani, daga kicin ɗin Musulmi ya fito. A Ingila ma akasarin wuraren da ake kira gidan abincin Indiya na Musulmin Sylhet ne ta Bangladesh. Alade ba ya yawo a girkinsu, in ka cire irin su vindaloo na Goa, wanda asalinsa naman alade ne da Turawan Fotugal suka kawo, ko da yake yanzu an fi yin sa da kaza ko rago a waje. Abin lura shi ne yanka. Mabiya addinin Sikh ba sa cin yankan Musulmi, suna da nasu da ake kira jhatka, wato a sare kan dabba da sara ɗaya. Wanda ya je jinya Delhi ko Chennai, kamar yadda mutanenmu da yawa ke zuwa, sai ya tambaya. In kuma bai samu natsuwa ba, babu ƙasar da ta fi Indiya sauƙi ga mai gudun nama: akwai gidajen abinci birjik da nama ba ya shiga ko ƙofarsu, kuma doka ta sa a buga ɗigon kore cikin murabba'i a jikin duk abincin leda da ba shi da nama. Ɗan Wudil dai kada ya je yana neman balangun sa. Jihohi da yawa sun hana yanka saniya, ko da yake, abin mamaki, ƙasar tana cikin manyan masu fitar da naman ɓauna a duniya. Abin da suke rubutawa da sunan naman rago kuwa galibi akuya ce.

Koriya ita ce ta fi buƙatar a zauna a yi magana.

Farkon abin da zai ba ka mamaki shi ne tebur ya cika kafin abin da ka yi oda ya iso. Ƙananan kwanoni ne biyar ko takwas, ganye, wake mai tsiro, soyayyen ƙananan kifi, da sauransu. Sunansu banchan, kyauta ne, kuma a can ƙasarsu in ya ƙare ana ƙarowa ba a ƙara kuɗi. Shinkafarsu fara ce mai danƙo, ba gishiri ba mai, kusan matsayin tuwo take da shi, ɗanɗanon yana cikin abin da ke kewaye da ita. Sarkin kwanonin nan shi ne kimchi: kabeji da aka jiƙa a gishiri, aka cuɗe da garin barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi ko jatan lande mai gishiri, aka rufe ya yi tsami. Harshenmu ya san tsami a yakuwa da kunun tsamiya da kindirmo, amma ganye mai tsami da yaji da sanyin firji lokaci guda, wannan sai an yi masa uzuri a loma uku na farko. Dalilin yin sa sanyi ne. Hunturunsu ƙanƙara ce, ba a samun ɗanyen ganye, sai mata su taru a ƙarshen kaka su yi gayyar haɗa na watanni, aikin da suke kira kimjang, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2013. Mu rana muke da ita, sai muka shanya kuka da kuɓewa da kilishi. Su sanyi suke da shi, sai suka tsamar.

Inda na ga dangantakar da ban zata ba shi ne waken suya. Suna dafa shi, su daka, su yi curi-curi su rataye ya bushe, sannan su zuba a manyan tukwanen ƙasa da ruwan gishiri ya yi watanni. Ruwan ya zama ganjang, baƙin ruwan ɗanɗano, dusar kuma ta zama doenjang, wadda ake kaɗa miya da ita kusan kullum. Akwai wata ma, cheonggukjang, da ake rufewa kwana biyu ko uku kawai a wuri mai ɗumi, ta fito da yauƙi da wari mai cika gida. Ƙwayar halittar da ke yin wannan aiki, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ita ce dai ke mai da kalwa daddawa a ɗakin kakanninmu. Bature yakan toshe hanci in an buɗe tukunyar, Bahaushe kuwa sai ya ji kamar ya shiga gida. Mutanen Koriya sun kai al'adar haɗa ganjang da doenjang ɗinsu gaban UNESCO an karɓa a 2024, suna jera tukwanen a tsakar gida suna alfahari da su, irin tukwanen da maginan Wudil za su iya ginawa ido rufe. Mu kuma muna ɓoye daddawarmu in baƙo zai zo, muna jefa dunƙulen kanti. Awara ma da ake soyawa a bakin kowace makaranta ita ce dubu ɗinsu. Riɗin da manoman Jigawa ke fitarwa ƙasashen Asiya, irinsa ne suke matse mai su ɗiga a kusan komai. Bibimbap kuwa, shinkafa da ganyaye da ƙwai da jan yaji a cakuɗa da cokali, ɗan garau-garau ba zai ce bai gane hikimar ba.

Abin da zai yi wa bakinmu baƙunta shi ne zaƙi a nama. Bulgogi naman sa ne da aka yanka siriri aka jiƙa a ganjang da sukari da 'ya'yan itace. Wanda ya tashi da tsire da ƙuli-ƙuli zai ji kamar an yi kuskure a kicin.

Sai babbar magana, wadda ɗan ƙanwata ya zo da ita. Naman da aka fi ci a Koriya ta Kudu shi ne alade. Gashin nan da ake gani a finafinai, mai ratsin kitse, ana yanka shi da almakashi a naɗe a ganye, sunansa samgyeopsal, kuma cikin alade ne. Koren kwalaben da ke gefensa soju ne, giya. Wannan a fili yake, mai sauƙin kaucewa. Wahalar tana wajen wanda ba a gani. Miyar kimchi galibi da alade ake dafa ta. Taliyar nan mai baƙar miya, jajangmyeon, haka. Mandu, mai kama da samosa, cikinsa yawanci alade ne. Kimbap, naɗin shinkafa cikin ganyen teku, sau da yawa akwai sillen naman alade a tsakiya. Budae jjigae, wadda ta samo asali daga naman gwangwanin sansanonin sojan Amurka bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, ba sai an faɗa ba. Akwai ma wani mai suna sundae, wanda mai jin Turanci zai ɗauka askirim ne, alhali hanjin alade ne da aka cusa wa jini. Bayan wannan, suna zuba giyar girki a jiƙon nama don kashe ƙarni, wasu kamfanoni kuma suna ƙara ɗan sinadarin giya a jan yajinsu na gochujang don kada ya lalace. Hukuncin ɗan abin da ke tasowa da kansa wajen tsami, da wanda aka zuba da gangan, malamai sun yi magana a kai, kuma su ya kamata a kai wa. Ni abin da na sani shi ne mai girki ya san abin da ya zuba, in an tambaye shi.

A Abuja ko Legas naman sa da kaza daga kasuwannin gida suke zuwa, inda galibin mahauta namu ne, saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko ana dafa alade a gidan, kuma ko a kan waya ɗaya ake gasa shi da sauran naman. Kifi da sauran abin ruwa kuwa mazhabarmu ta Malikiyya ta yalwata a kansu, Koriya kuma teku ya kewaye ta ta gefe uku, girkin kifinsu ba ya ƙirguwa. Wanda Allah ya kai shi Seoul, ya nemi unguwar Itaewon, inda babban masallacin da aka buɗe a 1976 yake, gidajen abincin halal sun kewaye shi. Hukumar yawon buɗe idonsu ma ta kasa gidajen abinci gida huɗu saboda Musulmi, tun daga wanda ke da takardar shaidar halal har zuwa wanda alade kawai ya cire, wanda ke iya sayar da giya. Masu tambayar naman kare kuwa, don na san akwai su, majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana kiwonsa da sayar da shi don ci a Janairun 2024, za ta kankama gaba ɗaya a 2027, kuma dama ba abin da ake tsinta a gidan abinci na yau da kullum ba ne.

Ladabin teburinsu ba zai wahalar da ɗan da ya samu tarbiyya ba. Ba a ɗaga cokali sai babba ya ɗaga, ana karɓar abu daga hannunsa da hannu biyu, a wasu wuraren ana cire takalmi a zauna a ƙasa. Tsinkayen ƙarfen nan biyu ne kawai abin faɗa, masu santsi kamar tarwaɗa, amma su kansu da cokali suke cin shinkafa da miya, don haka ba wanda zai kalle ka. Kada dai ka soke tsinkayen ko cokalin a tsaye cikin shinkafa, abin yana tuna musu da abincin da suke ajiye wa mamatansu.

Kuɗi kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba abincin ɗalibi ba ne. Shinkafar basmati da gochujang da ganyen teku duk da dala ake shigo da su, ga kuɗin haya a Maitama ko Wuse, ga man janareto. Abin da mutum ɗaya zai kashe a zama guda ya isa ya yi wa abokansa biyar hidimar kifi a bakin gada har a yi guzuri. Shi ya sa yawancin yaranmu iyakar Koriyarsu ita ce taliyar leda mai azabar yaji da suke gasar ci a TikTok. Ita ma a duba bayan ledar, don akwai mai tambarin halal akwai marar shi, kuma kamfani ɗaya yakan yi duka biyun.

Duk wannan na zayyana wa yaron, na ƙara da cewa kada ya yi irin tawa, ya buɗe baki ya tambayi sabis ko da abokansa za su yi masa dariya. Bayan mako guda ya dawo. Ya ce sun je su huɗu, sun tambaya, aka ce musu ana gasa alade a gidan, sai suka bar nama suka ci gasasshen kifi da shinkafa da miyar doenjang mai awara a ciki. Kimchi ya gagari biyu daga cikinsu. Na Indiya kuwa ba su samu zuwa ba, kuɗi ya ƙare.

Na ce, "To miyar fa?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Kawu, da aka buɗe murfin sai na ji kamar Inna ce ta jefa daddawa a miyar kuka. Kuka ce kawai babu."